Daraktan 'yan rap zai iya yi min bidiyon waƙar soyayya?

Wani ƙanenmu ne ya turo tambaya, ya ce ya yi waƙar soyayya irin ta nanaye shi da wata mawaƙiya, ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya yi mata bidiyo, kuma akwai wani darakta da aikinsa ke burge shi amma duk ayyukan da ya gani nasa na 'yan hip-hop ne. Yana tambaya ya ba shi aikin ko kuwa da gaske ne kowace irin waƙa da irin daraktanta, don shi a ganinsa kyamara ai kyamara ce.

Toh ƙanena, kyamara kam kyamara ce, keken ɗinki ma ai ɗaya ne amma ba kowane mai ɗinka kwat ba ne za ka kai wa shaddarka ya yi maka babbar riga. Zai iya yi maka, ban ce ba zai iya ba, amma sai in ya yarda ya ajiye rabin abin da hannunsa ya saba, kuma gaskiya ba duka ke yarda ba, don abin da ya saba ɗin shi ne ya sa aka san shi.

Ni na fara da editin ne kafin in riƙe kyamara, kuma a kan teburin editin ake gane wannan maganar da kyau. Duk waƙar da aka kawo maka akwai inda take so idon mai kallo ya tsaya, kuma ba darakta ne ya zaɓa mata wajen ba, da shi ta zo. A rap bakin mutum ne da fuskarsa da unguwar da ya fito. A afrobit jiki ne, rawa da sutura da nuna an samu. A nanaye kuwa tsakanin mutum biyu ne, abin da ke faruwa a fuskarta lokacin da shi yake rera baitinsa. In darakta bai gane wannan ba ko da babbar kyamarar fim irin ARRI ya ɗauka maka aikin zai fito tas amma ba zai taɓa zuciyar kowa ba.

Bari in fara da su 'yan rap ɗin tunda daraktanka daga can yake. Salon da kake gani yau yawanci daga Amurka ya samo asali a shekarun 1990, kuma mutumin da aka fi ambata shi ne Hype Williams. Shi ya yi fice da lens (gilashin bakin kyamara) ɗin nan mai kumbura hoto, wanda in mawaƙi ya miƙo hannu sai ka ga hannun ya fi kansa girma, ya yi wa su Missy Elliott da Busta Rhymes, ga kala mai ƙyalli ga kaya masu walƙiya. Dalilin abin a fili yake, ɗan rap kirari yake yi wa kansa daga farko har ƙarshe, don haka sai a sauke kyamara ƙasa tana kallonsa daga gwiwa, a matso da ita dab da shi da lens mai faɗi, ya cika allo, yana kallon cikin kyamara kai tsaye kamar da kai yake. Abokansa na bayansa suna gyaɗa kai, su ne shaidarsa cewa ba shi kaɗai ba ne. Kyamara a hannu take tana ɗan girgiza da gangan. Editan kuma a kan bugun kiɗa yake yanka, in layi ya zo da zafi a yanka a kai. Da salon rap ɗin nan na diril ya shigo daga Chicago wajen 2012 ya wuce Landan sai abin ya ƙara tsanani, ɗaki ɗaya ko lungu ɗaya, samari cike, wasu fuska a rufe, kiɗan na tafiya wajen bugu 140 a minti, babu labari babu komai. Namu na nan su ClassiQ da DJ AB da B.O.C Madaki sun ɗauki wani abu daga wannan tsarin sun zuba shi a titunanmu, kuma ya zauna, saboda layin unguwa a Kaduna ko Bauchi yana yin aikin da unguwar can take yi, wato ga inda na fito.

Yanzu ka ɗauki duk wannan ka ɗora wa waƙarka. Kyamara a ƙasa tana leƙen hancin budurwa, lens ya kumbura mata fuska bayan ta ɓata awa biyu wajen kwalliya, kai kana kallon kyamara kana nuna mu da yatsa alhali ita kake ce wa ba ka iya barci, ana yanka hoto duk bayan daƙiƙa ɗaya. Wallahi na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, hoton ya yi tsada amma sai ka rasa wa yake son wa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne bidiyon nanaye ba daga tashar waƙa ta MTV ya fito ba sam, daga fim ya fito. MTV ta buɗe a Amurka a 1981 don tallata mawaƙi, a can mawaƙi ne tauraro tun ranar farko, darakta ma sai a ƙarshen 1992 suka fara rubuta sunansa a ƙasan allo. Mu kuwa rawa da waƙa a cikin fim muka fara ganinta, fim ɗin Hausa na kaset ya fara wajen 1990 a Kano, kuma mutanen da suka yi shi sun tashi da kallon fim ɗin Indiya a silima da talabijin. A Indiya mai rera waƙa daban, jarumin da ke bin ta da baki daban, kuma sau da yawa mai koyar da rawa ne ke jan ragamar ɗaukar waƙar ba daraktan fim ɗin ba, irin su Saroj Khan da Farah Khan, ita Farah ɗin ma daga nan ta zama daraktar fim. Haka muka gado. Shekaru ana jin muryar mawaƙi a kan kiɗan fiyano ba a san fuskarsa ba, jarumi da jaruma ne a fili, a canza kaya sau huɗu sau biyar a waƙa ɗaya, yanzu ana lambu anjima ana kan dutse a Jos anjima bakin dam. Zamanin sidi waƙar ce ma ke sayar da fim ɗin, a tallar da ake sakawa a farkon wani fim ita ake fara nunawa. Daga baya ne mawaƙan suka fito da fuskarsu, har irin su Umar M Shareef suka shiga fim ɗin da kansu.

Shi ya sa ginin bidiyon nanaye gini ne na zance tsakanin mutum biyu. Shi ya yi baiti, ita ta amsa, a haɗu a amshi. Editan da ya san aikinsa a kan baiti yake yanka ba a kan ganga ba, kuma mafi daɗin hoton ba na mai rerawa ba ne, na mai sauraro ne. Yana cewa ke ce kaza, sai a nuno ta ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyale, ta ɗago ta harare shi kaɗan ta yi murmushi. Wannan daƙiƙa ukun ita mutane za su yanka su sa a sitatus. Lens mai tsawo ake so, irin mai milimita 85, a tsaya daga nesa a ɗauko fuska, baya ya narke, kyamara daidai ido ko sama kaɗan. Haske mai laushi, shi ya sa muke son bayan la'asar, rana tsaka tana sa inuwa a ƙarƙashin ido ta kuma narkar da hoda. Lokacin hazo ma in ka iya da shi kyauta ce, sama ta zama fari fat amma fata tana kyau.

Ga kuma babban abin, ba a taɓa juna. Wanda ya saba aikin Legas zai ga wannan a matsayin ƙunci, ni kuwa ina ganin nan ne gwanintar take, don dole ka nuna kusanci da tazara a tsakani. Ka sa bishiya ko ginshiƙi tsakaninsu, ka sa ta wuce gaba yana biye, ka jera su a hoto yadda lens mai tsawo zai matse tazarar a ga kamar suna dab alhali akwai taku biyu. Kuma ba maganar ado kaɗai ba ce, Kano na da hukumar tace fina-finai tun 2001, sannan kowa a harkar nan yana tune da 2016 lokacin da ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙar ClassiQ inda aka ga sun riƙe juna. A Legas ba wanda zai ɗaga kai a kan wannan hoton. Don haka in daraktanka bai taɓa aiki da jaruma 'yar arewa ba ku zauna ku yi wannan maganar tun kafin ranar shutin, kar sai an je lokeshan ya ce ɗan riƙe mata hannu mana, ita ce za ta kwana a ciki ba shi ba, ba kai ba.

Na san abin da ke ranka, kana so naka ya yi kama da na 'yan Legas. Ba laifi, amma ka san me kake kwaikwayo. Su ma ba da haka suka fara ba. Da tashoshin waƙa na Channel O da MTV Base suka zo (ita MTV Base ta Afirka a 2005 ta buɗe) sai ya zama in hotonka bai kai ba ba za a saka ka ba, shi ya sa a shekarun can mawaƙan Najeriya da yawa suka riƙa tafiya Afirka ta Kudu ɗaukar bidiyo, can akwai kayan aiki da ma'aikata. Clarence Peters, ɗan Shina Peters mawaƙi da jaruma Clarion Chukwura, a Cape Town ya yi karatun fim ya dawo, kuma akwai lokacin da in ka kunna tashar waƙa da wuya ka yi rabin awa ba ka ga sunansa ba. Sai kuma kyamarori irin Canon 5D Mark II da ta fito a 2008 suka sa yaro mai ƙaramin jari ma zai iya samun hoto mai narkakken baya, daga nan kasuwa ta buɗe. Kemi Adetiba daga bidiyon waƙa ta wuce fim. Meji Alabi ya zo da nasa salon mai natsuwa, kala ɗaya ko biyu ya zaɓa ya tsaya a kai, kowane hoto kamar an tsara shi don mujalla. TG Omori kuma akasin haka, cunkoso, kala ta ko'ina, kaya na ban mamaki, taron mutane, ka duba abin da ya yi da mawaƙi Asake a 2022 ka ga yadda taron ya dace da waƙoƙin da dama amshinsu na taro ne. Kaga ko a cikin afrobit ɗin ma ba salo ɗaya ba ne.

Amma duk abin da ya haɗa su shi ne kuɗin yana tafiya ne a abin da ke gaban kyamara ba ita kyamarar ba. Mai tsara sutura, mai gina wajen ɗauka, 'yan rawa da aka biya suka yi atisaye, mai haske da mutanensa da motar kaya, sannan mai gyaran kala a ƙarshe wanda ya san yadda ake fito da baƙar fata ta yi sheƙi ba ta yi toka-toka ba. Mu a nan sai mutum ya zuba rabin kuɗinsa a hayar kyamara da diron (ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama) da mota ɗaya mai tsada, ya bar jaruma ta zo da kayanta na gida, haske kuma fitila biyu. Diron ɗin nan ma ya ishe ni, kowane bidiyo sai an fara da gari daga sama, rufin kwano da tankin ruwa, me ya haɗa shi da soyayya?

Kiɗan amapiano da ya shigo daga Afirka ta Kudu shi ƙafa yake so, a ja baya a nuna rawar gaba ɗaya kar a yanke ƙafafu, a bar hoto ya daɗe. 'Yan Koriya kuwa kamfani ne ke tsara komai, a gina ɗakuna a situdiyo, rawa a jere ba kuskure, kowane ɗan ƙungiya da daƙiƙoƙinsa don masoyansa na ƙirgawa. Waɗannan ba su shafe ka ba sosai, na ambata ne ka ga kowa da abin da yake sayarwa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake ɗaukar kiɗan gargajiya yanzu. Ka nemi tsofaffin hotunan Mamman Shata da gidajen talabijin suka ɗauka, kyamara ɗaya ko biyu a kafe, ba wani ado, amma sai ka zauna ka kalla har ƙarshe ba ka sani ba. Saboda abin kallon yana faruwa ne a tsakanin mutanen, ya jefa magana, 'yan amshi su karɓe, masu kalangu su matse su saki, ya juya ya kalli wanda yake wasawa, wani ya taso ya yi liƙi, shi kuma ya saka shi a waƙar nan take. In ka yanka wannan gunduwa-gunduwa ka kashe shi. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa, hannunsa da fuskarsa sun isa. Barmani Choge kuwa in ba ka nuna matan da ke kan ƙwarya da matan da suka taso suna rawa ba to ba ka ɗauki komai ba. Yanzu sai yaro ya kai makaɗin gargajiya bakin otal ya sa shi bin waƙarsa da baki, ya ƙara hayaƙi da tafiyar hawainiya, mutumin da bai taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba kana so bakinsa ya dace da abin da ya rera a situdiyo wancan watan. Irin wannan a wajen biki ake ɗaukarsa da sauti mai kyau, shikenan.

Bege ma kusan haka ne. An saba a tsayar da sha'iri gaban koren ƙyalle a sa hoton masallacin Madina a bayansa, niyya mai kyau ce amma sau da yawa gefen rawaninsa sai ya riƙa cin kore, ga shi kamar yana shawagi. In da hali majalisi na gaske ya fi, da mandiri da jama'a suna amsawa, kyamara ta natsu, ba a sauke ta ƙasa ana kumbura mutum don ba kansa yake yabo ba. Waƙar siyasa kuwa, irin fagen da Rarara ya yi suna, aikin edita ne fiye da darakta, hoton taro, hoton titi da gada, fuskar mai gida, kuma a gama jibi don mako uku masu zuwa zancen ya canza. Wanda ya biya zai zauna ya ga sau nawa fuskarsa ta fito, ba ruwansa da gyaran kala.

Tunda waƙar soyayya ce za ka so tafiyar hawainiya, to ga wani abu da za ka gwada daraktan da shi. Ka tambaye shi yaya zai yi hoto ya tafi a hankali amma bakinka ya dace da waƙar. Amsar ita ce a ɗauka a firem 50 a daƙiƙa, wato hoto 50 a kowace daƙiƙa, a kunna muku waƙar a sifika da ninkin saurinta, ku bi ta da baki a haka, in an dawo da hoton firem 25 a editin sai baki ya zauna daidai, gyale na tashi a hankali. Ranar farko dariya za ku yi ta yi don muryar ta koma siririya tana gudu, jaruma ta kasa riƙe fuska, don haka a tura muku mai saurin tun kwana biyu kafin nan ku saba. Kuma 25 da 50 nake cewa ba 30 da 60 ba saboda wutarmu a Najeriya da Nijar mai 50 ce, in ya ɗauka a 60 a ƙarƙashin ƙwan fitila na gida hoton zai riƙa ƙyaftawa, in janareta ne ma sai an gwada a wajen don ba kullum yake tafiya daidai ba. Wanda ya koyi aiki daga bidiyon Amurkawa a YouTube yakan faɗa wannan ramin.

Abin da zan ce ka yi, tura masa waƙar ba tare da ka gaya masa komai ba, ka ce ya rubuto maka a shafi ɗaya abin da yake gani. In yana jin Hausa ka ga ko ya kama baitin da ya fi nauyi, in ba ya ji ka zauna ka fassara masa baiti-baiti, kar ka ji kunyar wannan. In ya dawo maka da mota da hayaƙi da samari goma a bayanka to bai saurari waƙar ba, tsohon aikinsa zai maimaita da fuskarka. In kuwa ya fara tambayarka ita wace ce a labarin, sun shirya ne ko faɗa suke, wa ya fara neman wa, riƙe shi ko da bai taɓa yin nanaye ba, irinsu in suka shigo sukan kawo abin da mu da muka daɗe a ciki muka daina gani, musamman wajen haske da motsin kyamara, don gaskiya namu da yawa har yanzu a tsaya a lambu a yi ta kaɗa hannu ne.

Sannan ka tuna inda za a kalla. A 2020 lokacin kullen korona waƙar Hamisu Breaker da ta cika gari ba bidiyon darakta ne ya kai ta ba, mata ne suka riƙa ɗaukar kansu da waya suna yi wa mazajensu rawa a falo. Yawancin masu kallonka a waya za su gani, a tsaye, a TikTok ko sitatus, da data ta awo. Don haka ka sa a cikin yarjejeniya tun farko ya ba ka guntaye uku ko huɗu a tsaye na daƙiƙa 20 zuwa 30, musamman wajen amshi, kuma ya san da haka tun wajen ɗauka ya bar fili a hoton, don in kun tsaya ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan gefe a faffaɗan allo, in aka zo yankawa a tsaye bishiyar tsakiya kawai za ta rage. Ka biya rabi kafin aiki rabi bayan ka ga editin farko, ku rubuta sau nawa za ka iya cewa a gyara, kuma ku yi maganar ɗanyen hoton da aka ɗauka, naka ne ko nasa, in naka ne ka zo da hard disk ɗinka (na'urar adana fayil) ranar shutin a kwafa maka kafin kowa ya tafi gida.